Gwaggo Saliha, Mai Farin Zanen Dutsen Shanya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Laraba, 19 ga Nuwamba 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Saliha ta Garin Ajimi, bayan jinyar kwana tara. Ta rasu tana da shekara tamanin da 'yan kai, ta bar 'ya'ya maza biyu da jikoki masu yawa. An yi mata sutura bayan azahar. Ina cikin kilas ana darasi a Magarya labarin ya same ni, wani mai kabu-kabu ne ya kawo saƙon babana har ƙofar lekol, wato makarantarmu.

Sunana Ruma'isa. Marigayiya ƙanwar kakana ce. Babana ne yake kiranta Gwaggo, muka taso muka ɗauka, gari ma ya ɗauka.

Gwaggo, kin san ni ba mai magana ba ce, shi ya sa na ɗauko kaye, littafin rubutuna, da biro. An ce mini da natsuwa ake rubuta ta'aziyya, kuma ina ƙoƙari. Amma akwai labarin da nake ɗokin ba ki tun ranar sadakar ukunki. Ki yi haƙuri in fara bayyana wa waɗanda ba su san garinmu ba yadda abin yake.

Dutsen Shanya yana bayan garinmu ta gabas. Ba dogo ba ne in an kwatanta shi da waɗanda ke cikin littafin jogarafi, mai ƙarfi zai kai ƙolinsa kafin a gama dafa shayi. Amma a ƙasarmu ta rairayi da itatuwan gawo, shi kaɗai ne ake hangowa daga nesa. Mu manoma muna yammacinsa, gonakinmu kuma sun zagaye gindinsa. Ta gabas, can gaba da gonakin, akwai rugar Arɗo Sidi, masu shanu ne da su ma suke noman nasu. Da aka yanke gundumar Dungas daga Magarya a 2011, iyaka ta bi ta kan dutsen, mu muka zauna a Magarya, su suka faɗa Dungas. Kin sha faɗa mana cewa in kin hau, ƙafar dama tana Magarya, ta hagu tana Dungas, kuma ba ki ji wata ta fi wata ciwo ba.

Kowace shekara in an gama kaka, ana sakar wa shanu gonaki su ci kara da sauran ganyen wake, su bar mana taki. Rediyo yakan faɗi ranar sakin gonaki. To amma a wajenmu, ko ranar ta cika, mutanen ruga ba sa koro shanu sai sun hango farin zane a shanye a fuskar dutsen ta gabas. Shi ne alamar babu sauran amfanin kowa a gona. Shekara arba'in da shida ke ce mai shanya zanen nan. Kafin ki hau sai kin bi gidaje arba'in da ɗaya na garinmu, ki tsaya a kowace ƙofa ki ce, "An gama?" Maigida kuma ya amsa, "An gama, a shanya."

Ba da kunne kaɗai kike jin amsar ba. Ina aji shida na firamare shekarar da 'ya'yan Malam Ɗahiru suka tafi cirani suka bar shi da gona shi kaɗai. Kika tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce an gama, don kada a ce shi ya tsare gari. Kika leƙa rumbunsa, kika ce, "Ɗahiru, bakinka ya gama, rumbunka bai gama ba." Washegari kika tara mata goma sha biyu suka roro masa wake. Arɗo ya aiko yana tambayar jinkirin, kika ce a gaya masa gwiwarki ce ta hana ki hawa. Kwana huɗu kina ɗingishi a gaban mutane. Ni kaɗai na ga kin tsallake kwata da ƙafar da kika ce tana ciwo, kika kuwa harare ni, na yi shiru.

Bara, malaminmu na tarihi da jogarafi, Mushe Dalhatu (haka muke kiran malamai maza a lekol), ya ce kowa ya kawo asalin sunan wani wuri na garinsu. Da ya ji sunan dutsenmu sai ya ce wannan ai ba ya bukatar bincike, wuri ne da mutanen zamanin da suke shanya barkono da kuɓewa. Na san ba haka ba ne. Ban da zanen nan, ba a shanya komai a Dutsen Shanya. Ko farar hula mutum ba ya ajiyewa a kansa. Na so in ɗaga hannu, hannun ya ƙi tashi.

Da na dawo gida na tambayi babana. Ya gyara zama ya ce kakarmu Gimbiya waliyiya ce, a mafarki aka nuna mata ta hau ta shanya farin zane don zaman lafiya. Kina gefe kina ɓarar gyaɗa. Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. Kika ce, "Ƙawata, jibi zan hau. Ki zo ki riƙe mini sanda."

Ba zan manta da hawan nan ba. Sau bakwai kika zauna hutawa, kowane zama kina ce mini ni ce na gaji. Da muka kai sama na ga abin da ban taɓa gani ba: garinmu kamar an zuba ƙwaya a faifai, rugar can da shanunta jajaye, hanyar Guci ta miƙe kamar zare. Kika warware zanen, kika sa na danne shi da duwatsu bakwai. Sannan kika ba ni labarin.

Kika ce a da dutsen ba shi da suna, kuma Sarkin Noma ne mai shanya zanen. Aka kawo kakarki Gimbiya amarya daga can gabas. Kwananta ashirin a gari, ba wanda ya tuna ya gaya mata al'adar dutsen, don kowa yana ganin abu ne da aka sani. Wata safiya ta wanke farin zanenta. Tsakar gida cike da awaki masu tauna tufafi, sai ta hau dutse ta shanya shi ta inda rana take bugawa. Dawa kuwa tana tsaye a gonaki. Makiyaya suka hango fari, suka koro shanu da murna. Kafin azahar an cinye gonaki da dama. Mazan gari suka fito da baka da gatari, mazan ruga suka tsaya da sanduna, kowa na cewa ɗaya ne ya karya alkawari. Ita kuwa ta riga ta kwashe zanenta, ba wanda ya gan ta. Da ta yi shiru, har abada ba mai sani. Sai ta ɗora zanen a ka, ta ratsa tsakanin mazan, ta ce, "Ni ce."

Arɗon wancan zamani ya zauna a ƙasa ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sa mutanensa suka ajiye sanduna suka taya gari yanke sauran dawar, kuma duk ranin nan ana kai nono gidajen da suka yi asara. Sarkin Noma ya ce daga yau ita ce mai shanyawa, don babu wanda zai ji tsoron zanen nan kamarta. Aikin ya zauna a hannun matan gidanmu, mutane kuma suka shiga cewa dutsen da aka yi shanya, har sunan ya bi shi.

Na tambaye ki me ya sa babana ya ce mafarki ne. Kika ce, "Mazan gidan nan sun fi son a ce waliyiya ce. Ni kuwa na fi son ta yadda take. Kuskure kowa yana yi, ƙawata. Wannan 'ni ce' ɗin, ita ce ba a samu a kowane gida."

Na ce ko zan rubuta wa Mushe. Kika ce babana zai ji kunya, in bari sai ranar da labarin zai amfani wani. Don haka na rubuta asalin sunan rijiyar unguwarmu, na samu goma sha ɗaya bisa ashirin. Da na gaya miki kika ce ai rijiyar ma ba ta fi haka ba.

A kan dutsen nan kika ce ni ce zan gaje ki, tunda Allah bai bar miki 'ya mace ba. Na ce, "Ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya?" Kika ce, "Mai surutu ba na nema. Mai kunya nake so, ita za ta gane mai jin kunya in ya ce an gama." A raina na ce kina da sauran shekaru goma, kafin nan za ki sami wata.

Mako guda kafin rasuwarki na zo duba ki. Kika sa na buɗe akwatinki, na tarar da fararen zannuwa biyu a ninke. Kika nuna ɗaya kika ce, "Wannan na tafiya da ni ne. Wancan na zama da ke. Kada ku rikita su, na dutsen ya fi kyau."

To, Gwaggo, ga labarin da nake ɗokin ba ki.

Ranar Juma'a aka yi sadakar uku. Gida ya cika, maza sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Arɗo Sidi da dattawan ruga suna sahun gaba. Lokacin ba a gama kaka ba. Dawar Malam Ɗahiru da waken gidaje uku suna nan a gindin dutsen ta gabas, shanun ruga kuma sun kai mako biyu suna jira da yunwa. Na fito da kwanon gumba zan kai zaure, sai na hango Tanti Saratou tana saukowa daga dutse da bokiti babu komai a ciki.

Kin san Tanti Saratou, matar autanki Baba Sadiƙu, ungozoma ce a Damagaram, asalinta kuma daga can yamma. Ita ta yi jinyarki kwanakin nan tara, ita ta zo da fararen zannuwan gadon da aka riƙa canza miki. Ba ta taɓa yin kaka a garinmu ba. Na ce, "Tanti, ina kayan?" Ta ce, "Na shanya su can sama, ta inda rana take bugawa. Igiyoyin gidan duk sun cika."

Ban san lokacin da na dire kwanon ba. Na ruga na faɗa tsakiyar tabarmin maza, liman ya ɗaga hannu yana addu'a, ni da ko gaban zauren ba na bi in akwai mutum biyu a zaune. Na buɗe baki, wata murya ta fito da ban san ina da ita ba: "Arɗo, akwai fari a kan dutse, kuma ba a gama ba!"

Arɗo Sidi ya haura saba'in, amma ya miƙe kamar saurayi. Ya danna waya, babu rezo a bayan dutsen, kira ba ya shiga. Ya haye bayan moton Baba Sadiƙu, babur ɗinsa, suka zagaya ta arewa. Ni kuwa na kama hawa. Wurin da muka huta sau bakwai, ban tsaya ko sau ɗaya ba. Takalmina ɗaya ya zame, na bar shi. Da na leƙa fuskar gabas, ga zannuwa uku farare tas, an danne su da duwatsu tsaf kamar wadda aka koya wa. Ga shanu can ƙasa sun taso, ƙahonni ko'ina, makiyaya na biye suna kiran junansu da murna. Na fisge zannuwan na dunƙule su na zauna a kai. Na cire baƙin hijabina ina kaɗawa ina ihu, iska tana kwashe muryata.

Na gaban garken sun riga sun sa kai gonar Malam Ɗahiru lokacin da moto ya ɓullo. Arɗo ya sauko tun bai tsaya sosai ba, ya kira babbar saniyar da ke jan garken da sunanta. Gwaggo, da kin ga wannan. Ta tsaya cak da kan dawa a bakinta, ta juyo, sauran suka bi ta kamar an ja su da igiya. Kunya ashirin ta dawa shanun suka ci. Da an ƙara rabin sa'a, da gonar ta tafi gaba ɗaya.

Kafin in sauko gari ya taru a bakin gonar. Malam Ɗahiru ya tsuguna yana tsince karyayyun kawunan dawa yana cewa abincin gidansa ke nan na shekara. Makiyaya suna rantsuwa sun ga fari. Wasu samarin gari suka fara ɗaga murya, na ruga suka gyara riƙon sanduna. Wani ya ce a nuna wanda ya yi shanyar. Zannuwan suna ƙarƙashin hammatata, ni kaɗai na sani, na kuma ƙudura ba zan faɗa ba. Sai ga Tanti Saratou ta ratso mutane, bokitin har yanzu yana hannunta, idanunta sun yi ja. Ta ce, "Ni ce. Ban sani ba."

Kalmar Gimbiya ce na ji ta dawo. Amma mutane ba su ji abin da na ji ba. Wata ta ce baƙuwa ta zo ta zubar mana da mutunci ranar sadakar tsohuwa. Wani ya ce shekara da shekaru ba a taɓa yin wannan abin kunya a dutsen nan ba. Baba Sadiƙu ya rasa inda zai sa idonsa. Na dubi Tanti, na tuna yadda take juya ki a gado tana shafa miki mai, sai na gane ranar da kika ce in jira ce ta zo.

Na ce, "An taɓa yi." Aka juyo gaba ɗaya. Na ba su labarin Gimbiya tun daga awaki har zuwa nono, yadda kika ba ni, ban rage ba ban ƙara ba. Ban yarda na dubi wajen babana ba.

Da na gama, Arɗo Sidi ne ya fara magana. Ya ce, "Mu ma haka kakanninmu suka ba mu shi. Mun ɗauka ku ne kuka manta."

Babana ya sosa ƙeya ya ce, "Ba mantawa muka yi ba, Arɗo. Gyara muka ɗan yi masa."

Dariya ta ɓarke, har Malam Ɗahiru sai da ya murmusa. A ranar sadakarki, a bakin gonar da aka ci, mutane suna dariya suna share hawaye. Arɗo ya ce tunda an san yadda kakanni suka yi, ba sai an yi dogon zama ba. Washegari mazan ruga da na gari suka yanke dawar Malam Ɗahiru tare, mata suka roro waken gidajen nan uku, Tanti Saratou a cikinsu duk da ba ta iya ba. Har yau ƙwaryar nono tana zuwa gidan Malam Ɗahiru kowace safiya. Babana bai yi mini faɗa ba. Da na kai masa ruwan alwala ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe akwai murya."

Bayan ranar da aka faɗa a rediyo ta cika, na nemi izini a lekol na dawo. Na bi gidaje arba'in da ɗaya. A gida uku na farko sai da aka ce in maimaita, daga nan muryar ta zauna. Da na isa ƙofar Malam Ɗahiru na ce, "An gama?" Ya ce, "Je ki leƙa rumbun da kanki, na san halin gidanku." Na leƙa, a cike yake. Ranar Asabar, 13 ga Disamba, na hau da zanen. Tanti Saratou ta taso takanas daga Damagaram, ta ce ita za ta ɗauko duwatsun nan bakwai tunda ta riga ta iya. Muka shanya, muka zauna muna kallon shanu suna gangarowa, ba mai tare su. Na juya in nuna miki babbar saniyar nan, sai na tuna.

Na kai wa Mushe Dalhatu labarin a rubuce, ko da yake lokacin ba da maki ya wuce. Ya karanta shi a gaban kilas, ya ce shi ne ya yi kuskure, kuma yana son ya hau dutsen. Na ce masa ya zo, amma ban da farar hula.

Ya Allah, ga baiwarKa Saliha ta zo gare Ka. Ka jiƙanta, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Kamar yadda ta rufa asirin masu jin kunya, Ka rufa nata. Kamar yadda ta tsaya tsakanin gari da ruga shekara arba'in da shida ba a zubar da jinin kowa ba, Ka sa Aljanna ce makomarta, Ka haɗa ta da kakarta Gimbiya cikin rahamarKa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta, Baba Abdullahi da Baba Sadiƙu, da matansu da jikokinta, da babana wanda ya rasa uwa ta biyu, da Arɗo Sidi da dukan mutanen ruga, da jama'ar Garin Ajimi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Gwaggo, ba mu rikita su ba. Na tafiya ya tafi da ke. Na zama yana kan dutse, ana hangensa daga Magarya da Dungas. In kwanakinsa sun cika zan sauko da shi in wanke, in shanya shi a tsakar gida, in zauna kusa ina korar awaki.